Wayyo Ba Turanci Ba Ne

A wata firamare da ke bayan Doka, ajin Malam Sanda ne ake fara jiyowa tun daga bakin titi. Shekarar ce gwamnati ta ce kowane yaro ya shiga boko kyauta, azuzuwa suka cika har wasu na zama a kan taga. Malam Sanda zai ɗaga littafi sama ya ce, "Wat is dis?" Yara su amsa da murya ɗaya kamar kwaɗi bayan ruwan sama, "Dis is e buk!" Ya ɗaga alli, su amsa. Ya nuna ƙofa, su amsa. Iyakar hirarsa da ɗalibansa ke nan daga safe har tashi. Tambayar tasa ce, amsar ma shi ya ba su tun jiya, nasu kawai su mayar masa da kayansa. Masu wucewa kuwa sai su ce, kai, yaran nan sun kama Turanci.

Malam Sanda yana da wata doka a aji biyu, ban san inda ya samo ta ba. Ya nemo muƙamuƙin akuya da haƙoransa, ya ɗaura masa igiyar rama, ya sa masa suna Banakula, wato yaren gida. Duk yaron da aka ji ya yi Hausa a cikin aji, a rataya masa a wuya. Ba zai rabu da shi ba sai ya kama wani yana Hausa. Wanda kuwa ƙararrawar tashi ta same shi da ƙashin, da shi zai tafi gida a wuya, yara na binsa suna waƙa, gobe ya dawo da shi. Shi kansa Malam in ransa ya ɓaci da Hausa yake zagi, amma ba a taɓa ganin ƙashin a wuyansa ba.

Sa'adiya, 'yar Malam Abdurrahim akawu, ita ce ƙaramar ajin. Ba ta cika shekara bakwai ba, ga ta 'yar firit, ga surutu, har matan gidan hayarsu a Abakpa suna kiranta rediyo. A bayanta ake zaunar da Labaran, wani gansamemen yaro da ya kamata a ce yana aji shida. Labaran ba ya iya minti biyar bai yi Hausa ba, don haka ƙashin ya fi daɗewa a wuyansa. Amma ba ya zuwa da shi gida, domin ya gano wata dabara.

Ana dab da tashi sai ya miƙa hannu ta ƙarƙashin benci, ya kama naman cinyar Sa'adiya ya murɗe.

"Wayyo!"

"Sa! Banakula!" in ji Labaran, ya riga ya cire igiyar daga wuyansa.

Sa'adiya ta miƙe tana hawaye. "Malam, mintsinina ya yi."

"Sifik Ingilish!" Malam Sanda ya daka mata tsawa.

Ta tsaya tana lalube a cikin kanta. Tana da littafi, tana da ƙofa, tana da alli, tana da gaisuwar safe da ta yamma. A duk abin da Malam ya koya musu babu yadda ake cewa wani ya cuce ni.

"Kin gani? Ba ki da ta cewa. Rataya mata."

Ranar farko ta ɓoye ƙashin a bayan randa, ba wanda ya sani sai uwarta Kaltume. To, amma hanyar Abakpa ba ta ɓoye kowa. Wani abokin aikin ubanta, Datti, ya gan ta a hanya yara na binta. Washegari a ofis, a gaban mutane, ya ce, "Abdurrahim, ashe ka yi wa 'yarka sarƙa? Na gan ta da haƙoran akuya, sun yi mata kyau." Aka yi dariya. Malam Abdurrahim mutum ne da ko tari zai yi sai ya so ya fito da Turanci, shi ma ya yi dariyar, amma ba ta kai cikinsa ba.

Da la'asar ya kafe babur ɗinsa a zaure, ko takalmi bai cire ba.

"Kaltume, gaskiya ne yarinyar nan ta zo da ƙashi gidan nan?"

Kaltume ta sunkuyar da kai. Amsar ke nan.

Ya zare bel ɗinsa. Ya sa Sa'adiya ta kwanta a kan tabarma, ya ce ta riƙa ƙirgawa da Turanci. Ta ce wan, ta ce tu. A na uku ƙarfen bel ɗin ya same ta a ƙugu, ta ƙwalla ƙara, "Wayyo Baba, na tuba!"

"Au, a gabana ma? Abin da ya jawo miki ke nan. Koma farko."

Ta koma farko. Duk sanda wayyo ta kuɓuce mata, a koma farko. Ranar sai da hannunsa ya gaji.

Da ya gama ya zauna a kujera yana haki, ya kafa tasa dokar. Daga yau ba Hausa tsakaninsa da ita. In tana da magana ta yi da Turanci, in ba ta da shi ta rufe bakinta. Duk ranar da ta zo da ƙashin nan kuma, ta san sauran.

Kaltume tana bakin ƙofa da goyon ƙaramin ɗanta Ila a bayanta, ba ta ce uffan ba. Sa'adiya 'yar farinta ce, ko sunanta ba ta faɗa, sai dai ke, ko yarinyar nan. A ce an ga uwa ta shiga tsakanin uba da 'yar fari tana roƙo? Ai sai a yi da ita a unguwa, a ce ba ta da kunya. Da maigidan ya fita masallaci ta jiƙa tsumma a ruwan ɗumi, ta ajiye kusa da yarinyar, ta kau da kai.

Labaran bai san abin da ke faruwa a Abakpa ba, kuma ko ya sani ba na jin zai fasa. Shi dai ya sami wurin sauke kaya. Yau mintsini, gobe ƙaya, jibi ya take mata yatsun ƙafa da dunduniya. Sauran yara ma suka koyi dabarar, duk wanda ƙashin ya maƙale masa sai ya matso kusa da Sa'adiya ya jira ƙararrawa. Ta sake gwada kai ƙara sau ɗaya. Ta je teburin Malam ta ɗaga siket kaɗan ta nuna masa tabon, ba ta ce komai ba.

"Wat?" in ji Malam Sanda, yana duba littattafai.

Ta nuna Labaran da yatsa.

"Yus yuwa maus. Baki gare ki, ba yatsa na koya miki ba. Go an sit dawun."

Ta koma ta zauna.

A gida kuwa abin ya zama kamar cin abinci. Babur zai tsaya, a ji ƙarar takalmi, sai tambaya, "Kaltume, ta zo da shi?" Kaltume ba ta iya yi wa mijinta ƙarya ba, ko kuma tsoron ranar da zai gano ne, Allah masani. Kai kawai take sunkuyarwa. Bel ya tsinke, ya koma wayar tsohuwar rediyo da ya ninka biyu. Wayar ba ta da ƙara kamar bel, amma tana fasa fata. Gadon bayan yarinyar ya yi ruɗu-ruɗu, wani bai warke ba a ɗora wani. Rigar makaranta takan manne a jiki, da safe sai an jiƙa kafin ta fita. Wata rana ya mare ta da bayan hannu, kunnenta na hagu ya kwana biyu yana ruwa.

Wadda ta kasa jurewa ita ce Dije, matar wani direban tifa, mutuniyar Zamfara da ke ɗakin ƙarshe. Ran nan ta jefar da muciya ta faɗo falon ko sallama babu, ta riƙe wayar.

"Malam, ka ji tsoron Allah! Mi ɗiyar ga ta yi maka? Kashe ta za ka yi?"

"Sakar mini waya, Dije."

"Ba ni saki. Yaro ya ji zahi ya ce wayyo, shi ne laihi? Kai da kac ci wuta da mi kaka kuka?"

"Ke da ba ki san ko bihim ba, me kika sani game da karatu? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mu da kike gani a ofis, haka aka yi mana, ga shi ba mu mutu ba. Don kanta nake yi. Gobe in ta zama likita ku ne za ku fara kai mata 'ya'yanku."

"In ta kai goben."

"Fita mini daga ɗaki. Zan gamu da mijinki."

Ya kuwa gamu da shi. Direban, wanda ba ya son rigima da ma'aikacin gwamnati, ya ja wa matarsa kunne, ya ce ba a shiga tsakanin mutum da 'yarsa. Dije ta koma tana tuƙa tuwo tana ƙwafa. In an fara dukan, takan ƙara ƙarfin dakanta don kada ta ji.

Ita ce kuma ta ga abin da ya fi dukan tayar mata da hankali. Wata Asabar da hantsi ta zagaya bayan ɗaki shanya, ta tarar da Sa'adiya a tsugune ita kaɗai, da ƙayar aduwa a hannu. Yarinyar ta cije leɓenta na ƙasa, tana soka ƙayar a cinyarta a hankali, hawaye na zuba, ba ko ƙus. In ta zare, ta huta, ta sake.

"Innalillahi! Ke ɗiyar ga, mi kika yi haka?"

Sa'adiya ta waiga ta dubi ƙofar falonsu, sannan ta yi magana ƙasa-ƙasa. "Koyo nake yi, Inna Dije. Na kusa iyawa."

Dije ta fizge ƙayar ta jefar, ta rungume ta tana kuka. Ta je ta faɗa wa Kaltume. Kaltume ta daɗe tana kallon ƙasa, sannan ta ce, "To ya zan yi, Dije? Ubanta ne. In ta daina zuwa da abin nan ai shi ke nan, kowa ya huta."

Sa'adiya kuwa ta iya. Ranar da abin ya tabbata, Labaran ya feƙe fensirinsa da reza har ya yi tsini, ana dab da tashi ya caka mata a cinya da ƙarfi, bakin fensirin ya karye a ciki. Sa'adiya ta sandare a kan benci. Jini ya fito a leɓenta inda ta cije. Ba ta ce komai ba. Labaran ya sake, ta sake yin shiru. Aka buga ƙararrawa, ranar shi ya tafi gida da haƙoran akuya.

Daga nan ƙashin bai ƙara hawa wuyanta ba. Da mako ya zagayo Malam Sanda ya kira ta gaban aji, ya dafa kanta, ya ce ga yarinyar da ta fi kowa gyaruwa. "Kilaf fo ha!" Yara suka tafa. Bai lura ba cewa in ba amsar taron nan ta dis is e buk ba, ba wanda ya ƙara jin muryarta, ko a filin wasa. Ko ya lura ma, ai aji ya yi tsit, abin da yake so ke nan.

A gida ma haka. In babur ya tsaya ta durƙusa ta ce, "Gud ibinin, Sa." In ya yi magana ta ce, "Yes, Sa." Matan gida suka daina ce mata rediyo. Ta rame, idanunta suka yi zuru-zuru, in an taɓa ta ba zato sai jikinta ya ƙame. Malam Abdurrahim ya ce da Kaltume, "Kin gani ko? Da na biye wa Dije da yanzu tana nan tana zuba kamar kanya." Ya shiga kanti ya sayo mata tukuici, rigar nailan ja mai tattara, irin ta 'ya'yan manya.

Baƙin ciki ya ishe ni in na tuna cewa a wannan gida, a wannan mako, kowa gani yake an ci nasara.

Ranar Lahadi da la'asar ya gayyato Datti shan shayi. Ba shayin ne ya dame shi ba, so yake wanda ya yi masa dariya ya gani da idonsa. Aka sa wa Sa'adiya sabuwar riga, aka tsayar da ita a tsakiyar falo.

"Wat is yuwa nem?"

"Mai nem is Sa'adiya Abdurrahim."

"Hawu ol a yu?"

Ta amsa. Ya nuna tebur, ta amsa. Ya nuna taga, ta amsa. Datti ya ce, "Kai, lallai an yi aiki. Wannan ai sai Ingila." Malam Abdurrahim ya gyara zama, ya ce mata da Turanci ta je ta kawo shayin.

Kaltume ta ɗora butar a kan risho a ɗan lungun da suke girki, ta zagaya bayan gida tana yi wa Ila wanka. Tsakanin lungun da falo labule ne kawai. Rishon ya tsufa, lagwaninsa ya yi tsawo, harshen wuta na leƙowa ta gefe. Sa'adiya ta miƙa hannu biyu ta ɗaga butar, ta yi mata nauyi, ta matso da jikinta. Tattarar rigar ta shafi wutar.

Wanda ya san nailan ya san ba ya ci kamar atamfa. Narkewa yake yi, ya manne da fata, ya ci gaba da ci. Yarinyar ta ajiye butar a ƙasa, ba ta yar ba, don kada ta yi ƙara. Ta shiga kaɗe wutar da tafin hannu, narkakken nailan ya kama hannuwan. Wutar ta hau ciki, ta hau ƙirji. Ubanta yana bayan labule, in ta miƙa hannu za ta taɓa kujerarsa. Ta cije leɓe, ta ja da baya ta jingina da bango, tana bubbuga ƙafa a ƙasa.

A falo Malam Abdurrahim yana cewa, "Ka san yaran yanzu, Datti, in ba ka tsaya a kansu ba..." Sai ya shaƙi iska. Ya ɓata fuska.

"Kaltume! Me kika bari a wuta ne? Ga baƙo a ɗaki, gida duk ƙauri!"

Kaltume ta taso da kumfa a hannu tana cewa ba ta ɗora komai ba sai ruwa. Ta leƙa lungun. Ihun da aka ji a gidan nan na Kaltume ne. Dije ce ta iso da bargo ta lulluɓe yarinyar ta danne, tana salati. Da aka buɗe bargon, Datti ya fita waje ya yi amai a bakin kwata.

A asibiti, babbar nas ɗin ɗakin yara, wata dattijuwa da ake kira Sista Bilkisu, ta duba ƙunar, ta juya yarinyar ta ga bayanta, ta daɗe tana kallon tsofaffin tabban. Ta ɗago ta dubi uban.

"Ina kuke har ta ci haka?"

"Muna falo."

"Falon a wata unguwa yake? Yaro ko tartsatsi ya taɓa shi sai maƙwabta sun ji. Wannan ta daɗe tana ci."

"Ba ta yi kuka ba, Sista. Wallahi ba mu ji komai ba."

"Ba ta yi kuka ba," in ji Sista Bilkisu. Ta koma kan aikinta.

'Yan dubiya suka yi ta zuwa, kowa da abin da zai wanke kansa ko ya wanke wani. Abokan ofis suka ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Wani ya ce laifin masu yin risho ne, wani ya ce laifin nailan ne, ya kamata gwamnati ta hana shigo da shi. Malam Sanda ya zo da lemo a leda, ya ce shi dai bai taɓa ɗora mata bulala ba, Allah ne shaidarsa, kuma ba shi da ɗaliba mai ladabi kamarta. Malam Abdurrahim ya zauna a benci a baranda ya haɗa kai da gwiwa, duk wanda ya zo sai ya ce masa, "Da ta kira ni. Taku ɗaya ne. Me ya hana ta kira ni?" Mutane su ce ya yi haƙuri. Matan unguwa kuwa suka riƙa yaba ta, suna cewa ba su taɓa ganin yarinya mai dauriya irin wannan ba, wuta na cin ta ko uffan.

Ba dauriya ba ce, kuma duk wanda ke gidan nan ya sani. Koya mata aka yi. Malami ya ba ta Turancin da ba shi da wurin kuka, uba ya ƙwace Hausar da take kuka da ita, uwa ta sunkuyar da kai. Yarinya ba ta taɓa koyon darasi da kyau kamar yadda ta koyi wannan ba, har tafi aka yi mata.

Wankin ƙuna da safe ake yi, kuma duk asibitin an san lokacin, domin ihun yara har bakin ƙofa. Da aka zo kan Sa'adiya, Sista Bilkisu ta jiƙa audugar da ta manne ta fara ɗayewa. Jikin yarinyar ya ɗauki rawa, gadon ƙarfen na kaɗawa, gumi ya jiƙa matashin. Bakinta a rufe.

"Yi kuka, 'yata," in ji Sista. "Nan kowa yi yake. Har manyan maza. Yi abinki, zai rage miki."

Idon Sa'adiya ya tafi bakin ƙofa, inda ubanta ke tsaye riƙe da hularsa. Sista ta bi idon da kallo.

"Malam, fita. Ka yi nisa."

Ya fita. Aka ji takunsa har ya ɓace.

Kaltume ta matso ta durƙusa a gefen gadon, ta rasa inda za ta taɓa a jikin, ta dafa gashin kanta. Leɓen yarinyar ya motsa. Kaltume ta kai kunnenta.

"Inna."

"Na'am. Ga ni."

"In na ce wayyo, in ya tambaye ki, za ki faɗa masa?"

Kaltume ta fashe da kuka. "Ba zan faɗa ba. Wallahi ba zan faɗa ba. Faɗi, faɗi da ƙarfi."

Sa'adiya ta daɗe tana kallon fuskar uwarta. Sannan ta sake duban ƙofa, ta mayar da leɓenta tsakanin haƙora. Sista Bilkisu ta share idonta da gefen hannu, ta ci gaba da ɗaye audugar.